Dinari Biyu a Hannun Mai Masauki

Karatu: Luka 10:25-37, Galatiyawa 6:1-5



A wannan ƙasa tamu ta arewacin Kano, daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Kunci zuwa Makoɗa da Ɗambatta, gona tana jingine da gona, babu saura, babu dajin da za a sare. Filin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suka yanka shi, kowa da 'yan kunyoyinsa. Damina kuwa in ta yi kyau wata huɗu ce. Saboda haka da zarar an kai gero da dawa rumbu, an roro wake, an cire gyaɗa, sai ka ga kujerun maza a majami'unmu sun fara yin fili. An tafi cin rani. Wasu suna birnin Kano, wasu Kaduna da Abuja, wasu sun nausa har Legas da Fatakwal, suna dako, suna gadi, suna tura kurar ruwa, suna leburanci, sai hadarin farko ya kira su gida. Mata ma ba a zaune suke ba: wata ta tafi jinyar 'yarta da ta haihu a wani gari, wata ta tafi biki ko ta'aziyya, wata ta tafi babban taron Zumuntar Mata.

A cikin waɗannan matafiya akwai waɗanda likita ya ɗora a kan maganin da ba a tsallake masa rana. Tambayar da nake so mu auna tare ita ce: idan mai irin wannan jinya ya bar gida, nauyin maganinsa a wuyan wa yake? A wuyansa ne shi kaɗai? A wuyan hukuma ne? A wuyan ikkilisiya ne? Ko kuwa, kamar yadda wasu suke faɗa da kyakkyawar niyya, a bar wa Allah kawai, a kama hanya?

Ciwon da yake shiga mota tare da kai

Akwai ciwon da yake zuwa kamar baƙo. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai, ka sha magani kwana uku, ka tashi. Akwai kuma wanda yake tarewa a jikin mutum kamar ɗan gida, ba ya kuwa zama gadin ɗaki in ka yi tafiya. Yakan shiga mota tare da kai ba tare da ya biya kuɗin kujera ba.

Maganin hawan jini ba ya kashe ciwon, riƙe shi yake yi kamar yadda turke yake riƙe sa. Ranar da ka tumɓuke turken ba lalle ka ji komai ba, domin hawan jini bai cika yin sallama ba. Sau da yawa labarinsa na farko shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon suga da yake yin allurar insulin yana bukatar abinci a kan lokaci da wuri mai sanyi da zai ajiye allurar, abubuwa biyu da suke da wuya ga mai kwana a rumfar kasuwa. Mai farfaɗiya da ya yanke maganinsa farat ɗaya yana iya faɗuwa a tsakiyar titi ko a kan tsanin gini. Mai amosanin jini, wato sikila, sanyin hunturu da ƙishirwar doguwar tafiya sukan tayar masa da ciwo. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki yana iya rayuwa shekaru masu yawa cikin ƙoshin lafiya, muddin bai bar ƙwayarsa ta yanke ba.

Tarin fuka kuwa ya fi su duka koya mana darasi. Maganinsa kyauta ne a asibitocin da aka keɓe dominsa a duk faɗin Nijeriya, amma sai an sha shi wata shida cur: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya magunguna biyu. Bayan 'yan makonni tari yakan lafa, jiki ya dawo, mutum ya ga kamar ya warke. In wannan ya zo daidai da tashin abokan cin rani, sai ya bi su. Ƙwayar cutar da ta rage a huhunsa ita ce mafi taurin kai, tana kuma iya komawa irin wadda maganin farko ba ya ci. Ga shi yana kwana a ɗaki ɗaya da mutum takwas, yana kuma dawowa gida cikin 'ya'yansa. Ka ga ke nan, yanke magani ba lamarin mutum ɗaya ba ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Bangaskiya ko ganganci?

Wani zai ce, "Fasto, ai Allah ne mai warkarwa. Wanda ya cika jakarsa da ƙwayoyi, yana lissafin ciwon da bai zo ba tukuna, ina bangaskiyarsa? Ashe Ubangiji bai hana mu damuwa da gobe ba?" Wannan magana ba ta raini ba ce, domin daga zuciya mai ƙaunar Allah take fitowa. Mai yin ta yana iya kafa hujja da Sarki Asa, wanda 2 Tarihi 16 ya zarga da cewa a ciwon ƙafarsa ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba.

Amma ka karanta surar tun daga farkonta. Asa ya riga ya juya wa Allah baya tun kafin ciwon: ya kwashi dukiyar Haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya, ya kuma jefa annabin da ya tsawata masa a kurkuku. Laifinsa shi ne ya cire Allah daga lissafinsa gaba ɗaya. Ka gwada shi da Sarki Hezekiya. Allah ya ji addu'arsa ya ƙara masa shekara goma sha biyar, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun. Alkawari daga sama yake, ɓaure daga ƙasa, ba su kuwa yi faɗa da juna ba. Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya yi tafiye-tafiye tare da Luka likita. Da ya rubuta wa Timoti, wanda ciwon ciki da yawan laulayi suke damu, shawarar abin da zai riƙa sha ya ba shi, bai tuhume shi da ƙarancin bangaskiya ba.

Mu ma a nan shaidu ne. Kakannin wasunmu sun fara jin bishara ne a wurin jinyar kuturta a Yadakunya tun a shekarun 1930, wasu kuma a asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda yake hannun ECWA har yau. Da hannun da ya ɗaure gyambo aka buɗe musu Littafi Mai Tsarki. Yaya jikokinsu za su ce magani kishiyar addu'a ne?

Damuwar da Ubangiji ya hana ita ce wadda take cin zuciya, ta hana barci, ta sa mutum ya manta yana da Uba. Tanadi wani abu ne dabam. Tsuntsayen da ya nuna wa almajiransa ba su da rumbu, amma ba su kwana a sheƙa suna jiran tsaba ta faɗo musu a baki. Ka kuma tuna, a cikin gwaje-gwajen da Iblis ya kawo wa Yesu, akwai wanda ya zo sanye da rigar bangaskiya: ya yi tsalle daga ƙololuwar Haikali, tun da an yi alkawarin mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya kira abin gwada Allah. Mai hawan jini da ya bar ƙwayarsa a gida da gangan yana tsaye ne a kan wannan ƙololuwa.

Sai ka yi hattara a birni. Za ka tarar da masu wa'azin da za su ce ka zubar da maganinka a gaban taro don ka nuna ka gaskata. Na gaskata Allah yana warkarwa har yau. Amma da Yesu ya tsarkake kutare, ya aike su wurin firist, wanda shi ne mai duba irin wannan ciwo a zamanin, don ya tabbatar. Warkarwa ta gaskiya ba ta tsoron awo. In ka ji a ranka Allah ya taɓa ka, ka ci gaba da shan maganinka, ka je a auna ka, likita ya sauke maka shi da hannunsa, sa'an nan ka zo mu yi godiya tare.

Kayan da yake naka

A Galatiyawa 6 Bulus ya faɗi abu biyu da suke kamar suna karo. A aya ta 2 ya umarce mu mu taya juna ɗaukar nauyi, a aya ta 5 kuma ya nuna kowa yana da kayan da shi zai ɗauka. A harshen Helenanci da aka rubuta wasiƙar, kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Ta farko tana nufin nauyi mai danne mutum, ta biyu kuwa kayan da aka ɗora wa mutum daidai da shi, kamar ƙunshin matafiyi. Bahaushe ya san wannan bambanci: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba a kiran gayya don ɗaukar gora da sanda.

To, mene ne ƙunshinka, kai mai jinya?

Na farko, ka je wurin ma'aikacin lafiyar da yake duba ka tun kafin ranar tafiya, ka faɗa masa inda za ka da tsawon zamanka. Mai tarin fuka ana iya rubuta masa takardar sauyin asibiti ya ci gaba da karɓar maganinsa a garin da ya sauka. Mai cuta mai karya garkuwar jiki da jikinsa ya daidaita ana iya ba shi maganin watanni a haɗe. Ka sa a rubuta maka ainihin sunan kowane magani da adadinsa a takarda, domin "'yar fara ƙarama" ba suna ba ne a wurin mai kantin magani na Agege. Ka ajiye katin asibitinka inda kake ajiye kuɗinka. Ka guji masu tallar magani a tasha da cikin mota, ka duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Na biyu, ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce cikin abokan tafiyarka. Kunya ta binne mutane da yawa. Wanda sugansa ya faɗi yakan yi kama da mashayi, har a tsaya ana kallonsa ana dariya, alhali abokin da ya san halinsa zai cece shi da ruwan sukari. Ba sai duk ɗaki sun sani ba, amma kada ya zama babu wanda ya sani.

Na uku shi ne mai wuya, ba zan kuwa sassauta shi ba. Wata rana za ka tsaya da kuɗin aikin mako a hannunka. Maganinka ya ƙare, ga kuma waya daga gida: hatsi ya yi ƙasa, an koro yaro daga makaranta saboda kuɗi. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, farashin magani da na mota sun yi tashin da ya sa wannan zaɓi ya zama na kowane wata a gidaje da yawa. Zuciyar uba za ta ce, "Bari in aika musu, ni zan daure." Wannan ƙauna ce, ba na kuwa raina ta. Amma kai manomi ne. Ko a shekarar da yunwa ta fi tsanani, akwai damin da ba a taɓawa, shi ne iri. Magidancin da ya daka irinsa ya ciyar da iyalinsa mako guda, ya kuma sayar da damina mai zuwa. Ƙarfin jikinka shi ne irin gidanka. In ka faɗi a Legas, kusan kilomita 1,000 daga gida, abin da za a sayar a ɗauko ka ya ninka kuɗin maganin shekara, gonar da ba ta ishe ku ba kuwa ita za a jinginar. Saboda haka ka sa kuɗin magani a sahun kuɗin abinci, ka cire shi kafin ka ƙirga abin aikawa, ka kuma gaya wa matarka gaskiyar lissafin. Ke kuma 'yar'uwa da kike gida, idan ya kira, ki tambaye shi ko ya sha maganinsa kafin ki tambaye shi saƙo.

Nauyin da ya fi hannu ɗaya

Sai dai akwai ranar da ƙunshi yake komawa jinka: a kwantar da mutum a asibiti, ko a ce sai an yi masa aiki. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye. Shi ya sa labarin matar nan ta Markus 5, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana jinya har ta ƙarar da duk abin da ta mallaka, bai taɓa zama baƙon labari a ƙauyukanmu ba. Mun ga an sayar da akuya, sa'an nan sa, sa'an nan gona.

Don rage wannan ne aka kafa inshorar lafiya. A 2016 Jihar Kano ta yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ake kira KSCHMA. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar tarayya da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Tun a 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, daga cikinsa ne ake yi wa wasu masu ƙaramin ƙarfi rajista kyauta, kamar mata masu juna biyu, da ƙananan yara, da tsofaffi.

Na sha jin 'yan'uwa suna cewa, "In na biya ban yi ciwo ba, ai kuɗina ya tafi a banza. Wannan da caca mene ne bambancinsu?" Bambancin babba ne. Mai caca yana ƙirƙiro haɗarin da babu shi, yana kuma fata ya kwashe na sauran. A taimakekeniya haɗarin yana nan tun kafin a tara kuɗin, babu kuma mai addu'a ya zama shi ne zai ci. Ba adashi ba ce kuma, inda kowa yake kwasar daidai abin da ya zuba. Ta fi kama da abin da iyayenmu suke yi in gobara ta ci rumbun wani: kowane gida ya kawo dami. Wanda rumbunsa bai ƙone ba, ba ya cewa ya yi hasarar daminsa. In ka biya shekara ta ƙare ba ka kwanta ba, ka sami lafiya, kuɗinka kuma ya yi jinyar wani da ba ka sani ba. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi, Nassi kuwa ya lasafta wannan hikima ce daga Allah.

Amma dole in gaya maka iyakar katin, kada ka dogara gare shi fiye da ƙarfinsa. Lokacin rajista akan sa ka zaɓi asibiti ɗaya, hukuma kuma takan biya wannan asibitin kuɗi a kan kowane mutum da aka rubuta masa. Asibitin da yake wata jiha bai karɓi komai a kanka ba, tsarin jiha kuwa da asibitocin cikin jihar yake aiki. An gina tsarin ne da tunanin mutumin da yake zaune wuri ɗaya, alhali ɗan cin rani rabin shekararsa a wani gari take. Ba kuma ranar da ka yi rajista kati yake fara aiki ba, akwai lokacin jira, ba kowane magani ne kuma yake cikin jerin abin da ake biya ba. Saboda haka ka yi rajista tun da kaka, sa'ad da kuɗin wake da gyaɗa suke hannu. Ka tambayi jami'in da bakinka: in ciwo ya kama ni a wata jiha, me zan yi? Ana iya sauya mini asibiti? Wanda ya fi daɗewa a waje fiye da gida, ya bincika tsarin tarayya na masu biya da kansu shekara-shekara. Iyalin da suka rage a gida kuwa, katin jiha yana iya zama inuwarsu sa'ad da maigida ba ya nan. Ya kuma kamata shugabannin ikkilisiya su riƙa faɗa wa masu mulki, cikin ladabi da naciya, cewa talakan da yake bin abincinsa daga jiha zuwa jiha ya cancanci kariyar da za ta bi shi.

Kuɗin taimakekeniya amana ne. Mai bi ba ya ara wa wani katinsa, ba ya karɓar maganin da ba ya bukata don ya sayar. Wanda ya yi haka daga rumbun marayu ya ɗiba.

Mai masauki

Yanzu mu koma ga karatunmu. Hanyar Urushalima zuwa Yariko kimanin kilomita 27 ce, gangara cikin duwatsu, maɓoyar 'yan fashi. Kowa a cikin misalin matafiyi ne: wanda aka sara, da firist, da Balawi, da Basamariye. Ka lura da abu uku game da Basamariyen. Ya fito da guzuri, domin mai da ruwan inabin da ya wanke raunukan da su a jakarsa suke. Wanda bai yi tanadi ba, ko ya ji tausayi, ba shi da abin taimako. Sa'an nan ya san jinya ba ta ƙarewa a rana ɗaya, sai ya bar dinari biyu, wato ladan ƙwadago na kwana biyu, a hannun mai masauki. A ƙarshe ya ɗauki alkawarin da ba shi da iyaka, cewa duk abin da aka ƙara kashewa shi zai biya in ya komo.

Akwai mutum na biyar da ba mu cika yin wa'azi a kansa ba, shi ne mai masaukin. Shi ne ya kwana da majinyacin bayan mai taimako ya wuce. Shi ne ya ci gaba da kashe nasa bisa maganar baƙo. Yana da damar ya ƙara lissafi, yana da damar ya kori majinyacin ranar da dinari biyun suka ƙare. Ba tare da amincinsa ba, da alherin Basamariye ya tsaya a rabin hanya.

Kakanninmu sun san darajar wannan mutum. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, ba su dogara ga madugu kaɗai ba. A kowane zango akwai maigidan da yake saukar da su, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Da irin wannan amana aka kafa Sabo a Ibadan da zangunan Hausawa har ƙasar Gana. Ikkilisiyar farko ma haka ta yi. Da Fibi za ta tafi Roma daga Kankiriya, Bulus ya haɗa ta da shaida a rubuce, ya roƙi masu bi su karɓe ta su taimake ta a duk abin da take bukata.

Me zai hana mu? Gida biyu maganin gobara. Kafin a watse da kaka, dattawan ikkilisiya su san wa zai tafi, ina kuma za shi. A ba kowane matafiyi wasiƙa zuwa ga ikkilisiyar garin da zai sauka, ba tare da an tona ciwonsa ba sai da yardarsa. A kafa ƙaramin asusun jinyar matafiya, a riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan kowace Lahadi, yadda Bulus ya tsara wa Korantiyawa tarin gudummawa, a ƙara da dami ɗaya daga baikon kaka. Mutum biyu ko uku su riƙe shi, a kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a. Daga ciki a biya wa gwauraye da marasa ƙarfi kuɗin rajista. Ku kuma 'yan'uwanmu da kuke zaune a birane, musamman ma'aikatan asibiti, ku ne masu masaukin. Ku san inda asibitin tarin fuka yake a unguwarku, ku raka baƙon da bai iya Turanci ba.

Kada kuma mu manta Basamariye ba ɗan addinin wanda ya taimaka ba ne. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, tare muke tafiya cin rani, ɗaki ɗaya muke kwana. Sau da yawa wanda ya goyi ɗanmu zuwa asibiti a baƙon gari Musulmi ne ɗan ƙauyenmu. Mu karɓi wannan alheri da godiya, mu kuma rama shi ba tare da tambayar mutum inda yake sujada ba.

Idan tafiyar ba ta yiwu ba

Wani lokaci amsar da ta dace ita ce a fasa tafiyar. Bulus ya bar Tarofimas a Militas saboda rashin lafiya, aikin bishara kuwa bai rushe ba. Wanda yake cikin watannin farko na maganin tarin fuka, ko wanda likita bai gama daidaita masa magani ba, zamansa a gida bana ba ragwanci ba ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amma in mun ce masa ya zauna, wajibi ne mu taya shi neman abin yi a kusa, ko aikin lambu a bakin madatsar ruwa ta Watari, ko wata sana'ar hannu, mu kuma dubi rumbunsa. Shawarar da ba ta zo da mudu ba nauyi take ƙarawa.

Akwai kuma waɗanda suka yi duk abin da ya kamata, duk da haka gawarsu aka kawo, ko kuwa aka binne su a can. Kada kowa ya ɗora wa iyalinsu laifi. Yakubu ya tuna wa 'yan kasuwa masu shirin shekara guda a wani gari cewa ransu kamar hazo yake, su riƙa jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. Bai hana su shiri ba. Magani da kati da asusu bayi ne. Rai a hannun Mai shi yake.

Malaman ikkilisiya na dā, irin su Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, sun ga Almasihu kansa a cikin Basamariyen nan, suka ga ikkilisiya a cikin masaukin. Shi ne ya same mu a yashe, ya ɗauke mu, ya biya da jininsa, ya damƙa mu a hannun juna, ya kuma ce zai komo. Abin da ya bari a hannunmu yana iya zama kamar kaɗan ne a gaban yawan majinyata. Amma wanda ya yi alkawarin biyan ragowar ba ya cin bashi. Ranar da ya komo zai tambaye mu baƙon da ya bar mana.

Addu'a

Ya Uba, mai kiyaye fitarmu da komowarmu, muna miƙa maka 'yan'uwanmu da suke kan hanya da waɗanda suke baƙunci da ciwo a jikinsu. Ka ba su hikimar ɗaukar kayansu, ka ba mu zuciyar taya su ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu. Ka tanada musu masu masauki amintattu, mu ma ka mai da mu haka ga baƙin da ka kawo ƙofarmu. Ka komo da su lafiya su tarar da ruwan shuka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.